Jikin laftof ya tsage: me garanti zai ɗauka, me zai bar maka

Tsagewar jikin laftof kusan kullum wuri ɗaya take farawa, a kusurwar baya inda murfi ya haɗu da gangar jiki. Za ka fara jin ƙas-ƙas idan ka buɗe, sai ka ga bakin roba ya ɗan ɗaga, bayan makonni kusurwar ta buɗe baki. Abin da ka yi a ranar farko shi ne zai nuna ko kamfani zai gyara ko aljihunka ne zai ji a jikinsa.

Garantin da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, na HP ne ko Dell ko Lenovo, yawanci na shekara 1 ne, kuma aibin ƙira kaɗai yake ɗauka. Faɗuwa, zubar ruwa ko shayi, matsewar jaka a cikin motar haya, karce da lotsawa, duk ba ya ciki. Waɗannan sai wanda ya sayi kariyar haɗari daban, irin wadda HP ke sayarwa ƙarƙashin Care Pack, kuma Dell da Lenovo ma suna da tasu. Ita ma tana da iyaka, sau da yawa gyara ɗaya ne a shekara, kuma ba ta ɗaukar lahanin da bai hana aiki ba.

Rigimar tana kan hinji, wato ƙarfen da ke riƙe murfi ya bar shi ya buɗu ya rufu. Ƙarfen hinji ana ɗaure shi ne da sukurori a cikin wasu ƙananan notocin tagulla da aka dasa cikin roba da zafi. Idan hinjin ya yi tauri, saboda ƙura ko bushewar man da ke ciki ko ɗaurin da ya yi yawa tun daga masana'anta, duk buɗewa ɗaya jan notocin yake yi har robar da ta riƙe su ta farfashe. Wannan na iya faruwa ga kwamfutar da ba ta taɓa faɗuwa ba. Amma injiniyan kamfani idan ya karɓa, kusurwoyi huɗu yake fara dubawa. Da ya ga lotsawa ko ƙujewa ko guda, zai rubuta cewa faɗuwa ce, magana ta ƙare. Idan kusurwoyin lafiya lau suke, kana da hujja mai ƙarfi.

Don haka kada ka sa gam. Sufa gulu a kan tsaga shaida ce cewa an taɓa, ga shi tururinsa yana barin farin tabo a sikirin mai wuyar gogewa. Ka daina rufewa da buɗewa, ka bar murfin a yadda yake. Ɗauki hoton tsagar da na kowace kusurwa cikin haske, nemo rasit, ka duba lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar a shafin kamfanin, nan take zai nuna ranar da garanti zai ƙare da ƙasar da aka yi rajistarsa. Kwashe bayananka kafin ka miƙa, sannan ka karɓi takardar da ta bayyana halin da jikin yake ciki a ranar.

Batun ƙasar rajistar nan shi ne ke kama mutane da yawa a Legas. Kaya da dama a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba an shigo da su ne daga Amurka ko Ingila ko Dubai, kuma garantin wata ƙasa ba dole ba ne ya yi aiki a nan, musamman idan ba a sayar da wannan samfurin a Najeriya. Na hannu kuwa, wanda ake kira tokumbo, garantin kamfaninsa yawanci ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago, na 'yan kwanaki ko makonni, kuma shi ma kan ko tana kunnuwa ne, ba ruwansa da jiki. Idan sabuwa ce ka saya kuma aibin daga ƙira ne, dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ta ba ka damar mayarwa cikin wata 3 a gyara ko a canza ko a biya ka, kuma hukumar kare masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, da takwararta LASCOPA ta jihar Legas suna karɓar ƙorafi. Sai dai ba rasit, ba ka da abin riƙewa.

To idan garanti ya fita, sai gyara. Masu gyara suna kasa jikin gida huɗu: A shi ne bayan sikirin, B siririn firam da ya kewaye sikirin, C inda kibod da wurin ɗora hannu suke, D kuma murfin ƙasa. San wanda ya karye kafin a yi maka ciniki, domin B da D canza su aikin mintoci ne, amma C na buƙatar a ciro kusan komai, har madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke kansa. A kwamfutoci da yawa na yanzu kibod ɗin a like yake da C, sai dai a canza su tare, shi ya sa kuɗin ke tsalle. A wasu MacBook batir ma a manne yake da wannan ɓangaren.

Sunan samfuri kaɗai ba ya isa wajen neman kaya. A cikin kowane ɓangare akwai 'yar takarda mai lamba: a HP tana ƙarewa da 001, a Dell ana rubuta DP/N, a Lenovo kuma FRU. Da ita za ka nema. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a ramin caja ko kaurin murfi, idan ɗaya mai sikirin taɓawa ce. Kuma mafi yawan abin da za a kawo maka cirowa aka yi daga matacciyar kwamfuta, saboda haka juya shi ka ƙirga notocin tagulla ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa su da farce ka ji ko suna motsi.

Idan ba a samu kayan ba, ko robar da ta fashe kaɗan ce, ana sake gina wurin. A goge da sipirit, a kankare da samfefa, a mayar da notocin gurbinsu da sukurori a ciki don kada gam ya cika zaren, a zuba gam mai haɗi biyu, irin wanda ake gaurayawa daidai wa daida. Ya kwana, awa 24, ko da kwalin ya ce minti 5. Gaggawar "oga ina jira in tafi da ita" ce ke sa aikin ya sake ɓallewa. Wasu suna huda murfin su sa sukuru da noti ta waje. Ba kyan gani, amma yana riƙewa.

Kowace hanya aka bi, tilas a sassauta hinjin. Yawanci akwai ƙaramin noti a ƙarshen sandarsa, a juya shi kamar kwata na zagaye, a gwada, har murfi ya buɗu ba tare da ƙasan kwamfutar ya ɗaga ba, amma kuma ya tsaya inda aka bar shi. Mai gyaran da ya sa sabon jiki bai taɓa hinji ba, zai sake ganinka. A duba kuma wayar sikirin da siraran wayoyin Wi-Fi, domin ta cikin hinjin suke bi, karyayyen ƙarfe yana yanka su.

Wata tsagar ba daga hinji ba ce sam. Idan wurin linzami ya kumbura ya daina dannuwa, ko kwamfutar tana rawa a kan tebur, batir ne ya kumbura yana turo jikin daga ciki, abin da zafin Legas da barin caja a jone dare da rana ke ƙara tsananta shi. Kada a danne, kada a huda. A cire shi tukuna, sau da yawa robar kan koma daidai da kanta. Wajen ɗaurewa kuma a kula da tsawon sukurori, domin dogo guda a ramin gajere zai ɓullo ta saman C ko ya taɓa madabod. Idan an canza D, karɓi tsohon ka ajiye, lambar siriyal a jikinsa take.