Daga Tashar Utako Zuwa Tsibirin Gore

Mutumin Abuja da yake son ganin tsibirin Gore na ƙasar Sanagal, wanda ya shahara da tarihin cinikin bayi, yana iya hawa jirgin sama ya sauka a Dakar cikin yini guda, amma ni hanyar ƙasa na bi, da jaka ɗaya a goye, domin kuɗin jirgi ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ina son ganin ƙasashen da suke tsakani da idona. Na hau motar safa daga Utako zuwa Legas, na ƙetare iyaka ta Seme na shiga Kwatano, sannan na bi gaɓar teku ta Lome da Akara har Abijan, inda hanya ta karkata arewa zuwa Bamako kafin ta miƙe yamma. Duk wanda ya kalli taswira zai ga cewa wannan zagaye ne mai tsawo, tunda masu zuwa Maulidin Kaulaha daga Kano sun fi bi ta Yamai da Wagadugu, sai dai zagayen ne ya nuna mini abin da ya sa nake wannan rubutu.

Guzurin takardu ba shi da yawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga sauran ƙasashen ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, saboda haka fasfo da katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara sun wadatar. Wannan a rubuce ke nan. A aikace, akwai shingayen da za a sauke fasinjoji duka a tsakar dare, a tattara fasfo, a riƙa kiran mutum ɗaya ɗaya ana neman na goro, kuma wanda ya tsaya kafa hujja da doka shi ne zai jawo wa mota jinkiri, abokan tafiya su riƙa hararar sa. Wata Hajiya ’yar kasuwa mai safarar atamfa, wadda muka zauna kujera ɗaya da ita, ta ce mini: “Malam, ka canza kuɗinka zuwa ƙanana tun kafin mu isa, domin idan ka miƙa babba ba za ka ga canji ba.” Na bi shawararta. Batun kuɗi kuwa da sauƙi, domin sefa ɗaya ce ake kashewa a Benin da Togo da Kwaddibuwa da Mali da Sanagal. Gana ce kaɗai a kan hanyar ta raba gari da sidinta.

Abin da ya fi sauƙaƙa mini tafiyar gaɓar teku shi ne Hausa. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano, da zangon Lome, da unguwar Nima ta Akara, da wuya mutum ya yi sallama a gaban mai shayi ko mai tsire bai sami wanda zai amsa masa da Hausa ba, har ya nuna masa masallaci da masauki mai araha. Daga Bamako ne harshen ya fara ƙaranci, Bambaranci ya karɓe hanya, daga baya kuma Wolof. Tsakanin Bamako da Dakar akwai tazarar sama da kilomita 1,200, ta garin Kayes mai tsananin zafi da kan iyakar Kidira da Tambakunda, kuma nan ne jiki yake gaya wa mutum gaskiya. Na yi wannan tafiya ne kafin Mali ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma tsaron hanyar Kayes ya taɓarɓare bayan haka, don haka ba zan shawarci kowa ya bi ta ba sai ya bincika halin da ake ciki. Na yada zango a Kaulaha na ziyarci Madina Baye, inda kabarin Shehu Ibrahim Inyas yake, kuma a can Hausa ta dawo kunnena kamar ina Fagge.

Bayan wannan doguwar wahala, tsallaka ruwan bai taka kara ya karya ba. Gore tana da nisan kilomita uku ne kacal daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, kuma jirgin fasinja yana kai mutum cikin ƙasa da rabin sa’a. Kuɗin tikiti hawa hawa ne: na ’yan ƙasa daban, na sauran ’yan Afirka daban, na Turawa daban, saboda haka kada a bar fasfo a masauki. Mutumin tudu irina, wanda bai saba da ruwan da ya wuce tafkin Jabi ba, sai da ya nemi inda aka ajiye rigunan ceto kafin ya zauna. Su ma mutanen Sanagal ba sa wasa da wannan batu tun bayan nutsewar jirgin Joola a ranar 26 ga Satumbar 2002, wanda ya hallaka mutum sama da 1,800.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, mazaunansa kuma ba su kai 2,000 ba. Babu mota ko ɗaya a cikinsa. Lungunan yashi ne tsakanin tsofaffin gidaje masu fentin ja da rawaya, ga furanni sun lulluɓe katangu, ga kukoki a kan hanyar hawa tudun da ake kira Kastel, inda manyan bindigogin Faransa suke nan sun yi tsatsa. Yara suna iyo a ɗan bakin ruwan da yake kusa da matsayar jirgi, mata suna sayar da cebujen, wato shinkafa da kifin da Sanagal take alfahari da shi. Turawan Fotugal ne suka fara isa wurin a 1444, daga baya ya riƙa sauya hannu tsakanin Holan da Ingila da Faransa, kuma a 1978 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Mafi yawan baƙi Gidan Bayi suke nufa, wani bene da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, mai matakala biyu masu lanƙwasa, da ƙananan ɗakuna masu duhu a ƙasa, da wata ƙofa da take buɗewa kai tsaye ga teku, wadda ake cewa duk wanda ya fita ta nan ba ya dawowa. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan shekaru da dama har rasuwarsa a 2009, shi ne ya sa duniya ta san shi, har Nelson Mandela da Paparoma John Paul na Biyu da Barack Obama suka ziyarci gidan. Masana tarihi da yawa, ciki har da Philip Curtin, sun nuna cewa bayin da aka fitar ta Gore ba su kai miliyoyin da ake faɗa wa baƙi ba, domin tsibirin ba shi da fili ko ruwan shan da zai ɗauki irin wannan adadi, kuma manyan kasuwannin suna wasu wurare. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi, kodayake hakan bai hana jikina yin sanyi a cikin ɗakunan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa manyan ƙofofin fitar da bayin na wuce su ne a cikin mota tun a farkon tafiya. Garin Wida, wanda yake kan hanya tsakanin Kwatano da Lome, yana cikin tashoshin da suka fi fitar da bayi a duk Afirka ta Yamma, haka ma Badagiri da Legas suna da nasu kason. Ta wannan gaɓa ce aka fitar da Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil, inda suka shirya tawaye a 1807, sannan wasunsu suka shiga babban boren bayi Musulmi na 1835 tare da Yarabawa. Bahaushen da yake neman sawun danginsa a wannan tarihi ya fi kusa da shi a Wida, ga shi kuwa direbanmu ko rage gudu bai yi a wurin ba, yawancinmu ma barci muke yi. Wanda ya zo ta sama zai ɗauka cewa labarin duka a wannan ɗan tsibiri ya faru.

Akwai wani gini kuma da jagororin baƙi ba su cika tsayawa a gabansa ba, wato tsohuwar makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a Gore daga 1913 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1930. Makarantar ce ta yaye da yawa daga cikin shugabannin farko na ƙasashen rainon Faransa, irin su Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keita na Mali da Diori Hamani na Nijar. Ginin ya tsufa ƙwarai, kuma sai da na tambayi wani dattijo bayan sallar la’asar a tsohon masallacin dutse da yake gindin tudu kafin aka nuna mini shi.

Mai son kwana a Gore zai sami ɗakunan haya a gidajen mutane, amma sun fi na Dakar tsada, domin kusan komai da jirgi ake kawo shi. Ni dai na koma Dakar da jirgin yamma, na kama masauki a unguwar Madina, washegari kuma na tafi tashar mota ta Pikine neman motar Tambakunda.