Yadda na raba RAM da furosesa tsakanin Windows da baƙuwarta a VirtualBox

Laftof ɗin da na yi aikin a kansa yana da RAM 8GB da furosesa Intel Core i5-8250U mai ƙwaya 4 da zare 8, yana tafiya da Windows 10. A cikinsa na girka Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ta hanyar VirtualBox 7.0, manhajar da ke ba da damar tafiyar da wani tsarin aiki a cikin wani. Windows ce mai masauki, Ubuntu baƙuwa.

Tashin farko na ba baƙuwar 6144MB da furosesa 6, don ina son ta yi gudu. Sai komai ya yi nauyi. Linzami yana tsalle, taga ba ta buɗewa sai an jira. Da na duba Task Manager, RAM ya kusa cika, faifai kuma ya tsaya cak a kashi 100.

Ga abin da ya faru. Linux ba ya barin RAM a zaune. Duk abin da ya samu sai ya cika shi da fayilolin da ya karanta, kuma VirtualBox ba ya mayar wa Windows abin da baƙuwa ta riga ta taɓa sai an kashe ta. Windows ta rage da 2GB, ta koma kwashe kayanta zuwa pagefile.sys a kan faifai, wanda saurinsa bai kama ƙafar na RAM ba. Kuma duk karatu da rubutun da baƙuwa za ta yi a faifai ta hannun mai masauki yake bi. Idan Windows ta shaƙe, Ubuntu ma ta shaƙe.

Furosesa ma haka. Zare (thread) 8 ba ƙwaya (core) 8 ba ne, kowane zare biyu ƙwaya ɗaya suke rabawa. Littafin jagorar VirtualBox da kansa ya hana a ba baƙuwa fiye da adadin ƙwayoyi na gaske. Kowane furosesa da aka ba baƙuwa, ƙarin aiki ne da Windows za ta nema wa gurbi, idan ɗaya ya riƙe wani abu aka dakatar da shi, sauran sai su tsaya jiransa.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na kashe baƙuwar gaba ɗaya, domin idan tana Saved, wato an dakatar da ita ne kawai an adana inda ta tsaya, ba a iya taɓa waɗannan lambobin. A Settings na VirtualBox, System, Motherboard na mayar da Base Memory 4096MB. A Processor na sa 2, na bar Execution Cap a 100. Mai son umarni yana iya rubuta:

VBoxManage modifyvm "Ubuntu" --memory 4096 --cpus 2

A Display na kai Video Memory 128MB, sannan na girka Guest Additions, ƙarin direbobin da VirtualBox ke bayarwa don baƙuwa, a cikin Ubuntu. Kada a tsallake wannan, yawancin jan ƙafar allo daga rashinsa yake.

Yanzu ba na ƙara komai sai na auna. A cikin baƙuwa ina buga free -h in duba layin available, wato RAM da ya rage, sannan vmstat 1 in sa ido a kan ginshiƙan "si" da "so", masu nuna kai-kawon kaya tsakanin RAM da faifai, yayin da nake aikin da na saba. Idan sifili suke nunawa, RAM ya wadatar, ƙari asara ne. Idan suna motsi ba tsayawa, in ƙara 512MB in sake dubawa, muddin Windows na da aƙalla 3GB.

Akwai matsalar da rabon RAM ba ya magancewa. Idan koren kunkuru ya bayyana a ƙasan tagar VirtualBox, Hyper-V, takwaran VirtualBox da ke cikin Windows, shi ne ya riƙe VT-x, sashen furosesa da ke sa baƙuwa gudu, sau da yawa saboda WSL2 (hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows) ko Memory integrity (wani saitin tsaro na Windows). A buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, a kashe Memory integrity, a sake kunna kwamfutar. A sani cewa WSL2 ba zai yi aiki ba sai an mayar da off zuwa auto, kuma kashe Memory integrity yana rage tsaro.

Haka kuma idan aka ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, Windows na rage gudun furosesa, baƙuwa ta ji a jikinta. Duk gwajin da zan kwatanta, a kan caja nake yin sa, da Power mode a Best performance.