Buhun ganyen Kawu

Wata uku da tarewata a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kawun maigidana ya fara aiko mana da kayan lambu. Yana da ɗan fili a bakin rafi wajen Gyinyase, inda yake noman latas da ayoyo da alefu, wato lalo da alayyafo a bakin kakata. Duk Juma'a da hantsi sai yaro ya dire buhu a ƙofar ɗaki, ganyen da laka a saiwarsa. Ni kuwa a gidanmu ƙulli-ƙulli ake sayowa daga kasuwar Kejetia, an riga an tsince. Buhun farko rabinsa a juji ya ƙare, don na bar shi ɗaure a leda har ya yi gumi ya ruɓe.

Ayoyo ta fara ba ni kunya. Na yanka ta, na jefa kanwa dunƙule guda kamar goro, na rufe tukunya na tafi shanya. Ko da na dawo ta tafaso ta zuba a kurfoti, abin da ya saura ya yi duhu, yauƙin ya tsinke. Mma, uwar maigidana, ta dangwala da yatsa ta lasa, ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Ɗiyata, miya kika yi mana ko sabulun salo?"

Washegari ta ja kujera ta zauna kusa da murhu, hannunta bai taɓa komai ba, baki kawai. Kanwa kamar ƙwayar wake ta sa na jiƙa a kofi, ruwan saman na tsiyaya, tsakuwar ta tsaya a ƙasa. Ruwa kofi biyu a tukunya, da dakakkiyar daddawa, da bandar kifin amane da na cire wa ƙaya na murmushe. Sai da suka tafasa ƙamshin daddawa ya tashi, sannan ganye ya shiga. Na kai hannu ga murfi, ta ce, "Kul!" Ayoyo ba a rufe ta. Minti biyar zuwa bakwai na burga da maburgi, ta ce in sauke. Na ce, "Mma, anya ta nuna?" Ta ce zafin tukunya zai ƙarasa. Haka kuwa aka yi, miya ta fito kore shar, kana ɗaga ludayi tana bin sa.

Albasa ba ta shiga ciki, Mma ta ce tana kashe yauƙi, ni kuma ban ga dalilin gwadawa ba. Wurinta jar miya, wadda ake yi daban a zuba a gefen tuwon zafi: tumatir huɗu, albasa ɗaya, attaruhu biyu, a niƙa a asanka, wato kaskon niƙa, a soya. Da rani, lokacin da tumatirin Burkina Faso yake cika kasuwa, ukun ma sun isa, don ya fi tsoka, ruwansa kaɗan.

Salak kuwa a gaban baƙi ya tona mini asiri. Irin namu na Gana na haɗa: latas, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, waken gwangwani, sadin, na malala kirim a sama. Ya yi kyau a faranti. Ƙanwar maigidana ta kai loma ta farko, daga inda nake tsaye na ji ƙaras, yashi a haƙori. Wanki ɗaya na yi wa latas ɗin, wai ai daga gona yake, sabo fil.

Kawu da ya ji labari dariya ya yi har da tari. Ya ce da ruwan rafi yake ban-ruwa, kashin kaji ne takinsa, shi kansa ba ya cin ganyen ɗanye sai an yi masa wankin kirki. Tun ranar nake ɓare latas ganye-ganye, in wanke a ruwa uku. Kuma ganyen ake tsamewa daga roba. In ka tsiyaye ruwan ta kansa, yashin da ya kwanta ya koma inda ya fito. Daga nan in jiƙa shi minti goma a binega kofi ɗaya da ruwa kofi biyar, in ɗauraye, in baza a kwando ya tsane sarai. Na gwada ruwan gishiri, yana sa ganyen yaushi.

Kirim ma na rage, kuɗinsa ya fi na ganyen. Yanzu kwaɗo nake yi irin na kakata: ƙuli-ƙuli a daka da ɗan yaji, man gyaɗa cokali biyu, lemun tsami rabi, gishiri sai za a ci, don in ya riga shiga tumatir da kokwamba sai su saki ruwa. Maigidan da farko ya ce wannan ai abincin ƙauye ne. Juma'ar da ta wuce shi ya tsaya a Asawase ya sayo ƙuli-ƙulin, leda biyu.