Malamin Tarihin da Ya Riƙe Usur Shekara 46

Ba da son raina aka ɗora min aikin malamin wasanni ba. Tarihi na karanta, shi kuma nake koyarwa, to a shekarun da aka cire darasin daga manhajar ƙananan azuzuwa a Najeriya sai jadawalina ya zama fayau. Wata safiya firinsifal ya kira ni ofis, ya turo min mukullin sito da usur a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa horar da kowa ba." Ya ce, "Malam, kai ne mai sarari." Magana ta ƙare. A sito na tarar da ƙwallaye uku, biyu sun sace, sai raga wadda ɓeraye suka cinye gefenta.

Na riƙi aikin riƙon sakainar kashi. Zuciyata tana kan takardun neman aiki da nake ta aikawa, burina in tsere daga sakandare, ko kwalejin ilimi ko jami'a, ko ma ma'aikata. Sai ga gasar ƙwallon ƙafa ta makarantu ta zo, na yi abin da na tarar ana yi. Na ɗauko samari biyu daga unguwa waɗanda sun daɗe da barin makaranta, aka saka musu rigar wasanmu, aka ba su sunayen ɗalibai, suka yi sojan gona. Domin in ba su wuri sai na ajiye wani yaro mai tsaron baya a benci, yaron da tun farkon zango bai taɓa fashin atisaye ba, shi ne ma ke ɗebo toka ya ja mana layin fili. Mun ci wasan. Muna cikin motar komawa, ana ta kiɗa kujeru, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, ni laifin me na yi?" Na ce masa ya bari sai mun isa. Da muka isa na zille. Bai ƙara zuwa fili ba, a aji ma ya koma layin baya ya daina ɗaga hannu.

A watan Janairun 2020 na ci karo da labarin mutuwar wani tsoho Ba'amurke mai shekara 88, Morgan Wootten, mai horar da 'yan ƙwallon kwando. Ban san shi ba, ƙwallon kwando ma ba ta dame ni ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne an ce malamin tarihi ne a sakandare. Na bi labarinsa kwana da kwanaki, kuma tun daga lokacin ban sake kallon usur ɗin nan da ido irin na da ba.

An haife shi a 1931 a garin Durham na jihar North Carolina, ya tashi a kusa da birnin Washington. Lauya ya so zama. A 1951, yana ɗalibi, aka nemi wanda zai horar da yaran wani gidan marayu a Washington, St. Joseph, wasan besbol. Ya karɓa, yaran suka buga wasa 16 suka sha kashi a duka 16. Maimakon ya gudu, a nan ne ya gane wannan ne aikinsa, ya ajiye batun lauya. A 1956 ya kama aiki a DeMatha, wata makarantar maza ta 'yan Katolika a Hyattsville cikin jihar Maryland, wadda a lokacin shekararta goma kacal da buɗewa. Bai bar wurin ba sai 2002. Shekara 46, makaranta ɗaya. A ƙwallon kwando ya ci wasa 1,274, aka cinye shi 192, wato cikin kowane wasa goma kusan tara nasa ne. A shekara ta 2000 aka shigar da sunansa zauren gwanayen ƙwallon kwando na Naismith, inda galibi sai ƙwararrun 'yan wasa da masu horar da manyan ƙungiyoyi ake kaiwa.

Wasan da ya fito da sunansa an buga shi ranar 30 ga Janairun 1965. Makarantar Power Memorial ta New York ta zo da wasa 71 a jere ba a doke ta ba, saboda tana da wani dogon yaro da ya haura ƙafa 7, Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar. Shekarar da ta gabata sun haɗu, Power ta ci 65 da 62. Wootten ba shi da yaro mai wannan tsawo, kuma bai je ya yi hayar wani ba. Abin da ya yi, a wurin atisaye ya damƙa wa ɗaya daga cikin dogayen yaransa, Sid Catlett, raket na buga tanis, ya ce ya ɗaga shi sama ya riƙa tare ƙwallo. Sauran yaran suka yi ta jifa a kan raket ɗin har hannunsu ya saba da cilla ƙwallo sama sosai ta yi baka kafin ta faɗa kwando. Ranar wasa, a babban ɗakin wasa na Jami'ar Maryland, gaban mutum sama da dubu 12, suka tsare Alcindor a maki 16, suka ci 46 da 43.

Na daɗe a kan wannan raket. Matsalarsa da tawa iri ɗaya ce: abokan hamayya sun fi ƙarfin yaran da ke hannu. Shi ya zauna ya yi tunani irin na malami, me yarana ba su iya ba, ta yaya zan koya musu da abin da ke cikin sito. Ni kuwa na raina nawa, na nemo na waje. Kuma ba su kaɗai na cuta ba. Yara sha ɗaya da na benci duk sun ga malaminsu na tarihi, wanda ke ba su labarin adalcin magabata da safe, yana rubuta sunan ƙarya a takarda da yamma. Wane darasi ne zai zauna musu a ka, na allo ko na fili? Na san amsar, don na gan ta a fuskar yaron nan.

Wootten bai taɓa raba aji da fili ba. Shekaru masu yawa yana koyar da tarihin duniya ga 'yan ajin farko, yara 'yan shekara 14, mafi yawansu ba za su taɓa sa rigar ƙungiyarsa ba. Yana da jerin da yake nanata wa 'yan wasansa: Allah farko, sai iyali, sai karatu, ƙwallo ta zo ta huɗu. Kirista ne mai riƙo da addininsa, amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan jeri, mun sha jin sa a bakin iyayenmu. Bambancin shi ne nasa ya fito a aikace. An yi kimanin shekara 30 a jere duk ɗan wasansa da ya kammala makaranta sai ya samu gurbin karatu kyauta a kwaleji ko jami'a, har da waɗanda ba su cika barin benci ba. Jami'a ba ta ɗaukar yaron da sakamakonsa ya lalace, don haka wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai mai duba littattafansu. Cikin ɗalibansa akwai Adrian Dantley da Danny Ferry da suka yi suna a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, akwai kuma James Brown da ya tafi Harvard ya zama sanannen mai gabatar da shirin wasanni a talabijin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamansa. Jami'o'i sun neme shi. A 1980 Jami'ar Jihar North Carolina ta yi masa tayin aiki da kuɗin da malamin sakandare ba ya mafarkinsu, a jihar da aka haife shi, ya ce a'a. A 1996 hantarsa ta gaza, ya yanke jiki ya faɗi, aka yi masa dashen wata, ya warke ya koma fili ya ƙara shekara shida. Da ya ajiye aiki, tsohon ɗalibinsa Mike Jones ne ya gaje shi, a hannunsa kuma Victor Oladipo, wanda shi ma ya kai gasar NBA kuma mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya yi wasa. Ɗan Wootten, Joe, wanda ya ba shi ƙoda a 2006, shi ma kocin sakandare ya zama.

Ba zan ce wa malamin da ke fama da albashin da ba ya kai tsakiyar wata kada ya nemi gaba ba. Wootten yana da ɗakin wasa, yana da iyayen yara masu tsaya masa, yana shirya sansanin horo lokacin hutu da ke kawo masa kuɗi. Mu a nan wani lokaci kuɗin motar zuwa wasa daga aljihunmu yake fita. Amma akwai wata cuta da ba ta da alaƙa da albashi, wadda na yi fama da ita: ganin koyar da yara ƙanana a matsayin abin da mutum ke yi kafin ya samu aiki na gaske. Mai wannan tunani jikinsa ne kawai a makaranta. Ba ya koyon sunan yaro, ba ya sanin wane ne maraya, wane ne ke zuwa atisaye bai karya ba, don a ransa baɗi war haka ba ya nan. Kuma irin wannan malami ne ke iya ajiye yaro a benci saboda kofi ɗaya, tunda ba ya tsammanin za su sake haɗuwa.

Da aka buɗe makarantu bayan kullen korona na koma wurin firinsifal na ce zan ci gaba da riƙe wasanni, amma ba ɗan haya ko ɗaya, ko da za a yi ta lallasa mu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san za a yi surutu." Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe." An yi surutun kuwa, don a zagayen farko aka fitar da mu shekarar. Yanzu ranar Alhamis kowane ɗan wasa sai ya kawo min littattafansa na lissafi da Turanci kafin ya karɓi riga. Wanda ya yi fashin aji ba ya buga wasa, ko shi ne mai ci mana ƙwallo. Masu tsaron bayanmu gajeru ne, sai muka rataya ƙwallo da igiya a reshen darbejiya, kowa ya yi tsalle ya sa mata kai sau ashirin kafin a tashi. Daga raket ɗin can na samo wannan.

Yaron nan kuwa, bara na gamu da shi a kasuwa, yana da ɗan teburin gyaran waya. Ya miƙe ya gaishe ni har da rusunawa, ya share min benci. Na zauna, na ce masa, "Akwai tambayar da ka yi min a mota ban ba ka amsa ba. Ba ka yi laifin komai ba, ni na yi. Ka yafe min." Ya sunkuyar da kai ya ɗan jima yana juya sukudireba a hannu, sannan ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce." Na yi masa sallama na fara tafiya, sai ya kira ni ya tambaya ko har yanzu da toka ake jan layin filin.