Man da taya take sha

Motoci biyar gare ni, dukansu Toyota Hiace, irin wadda ake ce wa homa a tasha. Huɗu suna zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, ta biyar kuma tana bin kasuwanni, ranar Alhamis Maigatari, ranar Juma'a Wudil, sauran ranaku duk inda aka samu lodi. Tsarina ba na balas ba ne. Ni nake zuba mai, ni nake gyara, direba yana da albashinsa da kuɗin sawu. Shi ya sa duk abin da ya taɓa mai, ni yake fara taɓawa.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, kuma gaskiya ban taɓa zama na lissafa abin da kowace mota take sha a sawu ba. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin fasinja ya ƙaru, amma bai bi mai sau da ƙafa ba, don wanda zai hau ma aljihunsa ya huje. A nan ne na sayi littafi mai layi, na ware wa kowace mota shafinta. Ana cika tanki da safe a gidan mai ɗaya, a rubuta lambar kilomita, in ta dawo a sake cikawa a rubuta lita nawa ta ci.

Wata biyu da fara haka sai na ga mota ɗaya kullum tana gaban 'yan uwanta a sha. Injinsu iri ɗaya, hanya ɗaya, kusan kilomita 230 zuwa, 230 dawowa. Zuciyata ta fara kai ni ga zargin direban, Allah ya yafe mini. Na kai ta wajen bakanike, aka canja fulogi da matatar iska, ba ta canja hali ba. Na musanya direbobi, nan ma shiru.

Wanda ya warware mini shi ne tsohon mai facin da yake bakin tasharmu. Ya tsugunna ya dafa tayar baya bayan ta dawo daga Kaduna, ya janye hannunsa da sauri, ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Na taɓa, kamar an sauke ta daga murhu. Ya kai ni ga wata motar da ta shigo kusan lokaci ɗaya, tata da ɗumi kawai. Ya ce, "Wannan zafin da ka ji, man ka ne." Na ce, "Baba, yaya taya za ta sha mai?" Sai ya nuna mini wani ɗan garuwa da yake tura kura cike da jarkoki, ya ce in tambaye shi ranar da iskar tayarsa ta ragu yadda ƙirjinsa yake yi.

Daga baya na bi maganar na karanta, na ga tsohon ya faɗi abin da injiniyoyi suke faɗa. Taya in tana garawa, wurin da ya taɓa kwalta yana lotsawa, in ya ɗago ya koma yadda yake. A gudun babbar hanya wannan yana faruwa fiye da sau goma cikin daƙiƙa ɗaya. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani yana zama zafi ya bi iska. Wannan asarar ita nake kira turjiyar taya, kuma inji ne yake biyan ta da fetur. Kamfanin Michelin ya daɗe yana cewa a ƙaramar mota, cikin kowane tanki biyar, kusan ɗaya yana tafiya ne wajen shawo kan turjiyar tayoyi. A manyan motocin dakon kaya abin ya fi haka.

Tayoyin waccan motar 'yan Kwatano ne, na saye su da arha ina murna. Da muka duba gefensu da kyau, akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki. Tayoyin hunturun Turai ne, an yi robarsu da laushi don ta kama hanya cikin tsananin sanyi, ni kuma na ɗora su a kan kwaltar Zariya a watan Afrilu. Lambobi huɗun ƙarshe da suke bayan rubutun DOT, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi taya, sun nuna sun daɗe da wuce shekara huɗun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take gargaɗi a kai. Wanda ya sayar mini ya goge su da mai suna ƙyalli, ni kuma zane kawai na duba. Na yi ta ɗaukar rayukan mutane a kansu ban sani ba, kuma wannan ya fi asarar man tsaya mini a rai.

To, akwai tayoyin da aka yi su musamman don rage wannan turjiya. Babban sirrinsu yana cikin haɗin robar. Da can baƙin garin kabon ne kusan kaɗai ake cuɗa roba da shi, sai a 1992 Michelin ya fito da taya mai silika a fatar da take taka ƙasa, sinadarin da ake samu daga yashi. Silika tana rage zafin da roba take tarawa ba tare da taya ta rasa kamun hanya a cikin ruwa ba. Yanzu kusan duk manyan kamfanoni suna yin irinta. Mu a nan ba mu da masana'antar da za mu je mu tambaya, tunda Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yi a Legas a 2008. Abin da ya rage mana shi ne mu iya karanta abin da yake jikin kayan da aka shigo da su.

Tun Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta a liƙa wa sabuwar taya takarda mai launuka. A gefe ɗaya hoton famfon gidan mai da haruffa, a ɗaya gefen hoton gajimare da ruwan sama, a ƙasa kuma ƙarar da take yi. Da haruffan daga A zuwa G ne, a Mayun 2021 aka mayar da su A zuwa E. Harafin A shi ne mafi ƙarancin shan mai. Wannan doka ba tamu ba ce, amma wasu sababbin tayoyi suna isowa Kano da takardar a jikinsu, don an yi su ne har da kasuwar can. Da yawa daga masu sayarwa ba su san amfaninta ba. Ni yanzu ita nake fara nema, kuma nakan duba harafin ruwan sama kamar yadda nake duba na mai, domin tayar da za ta rage mini lita biyu ta zame da fasinja a damina ba ta da wani amfani a wurina.

Kada wani ya ɗauka rabin mansa zai dawo. Abin da masu bincike suka daidaita a kai shi ne, in turjiyar taya ta ragu da kashi 10 cikin 100, shan mai yana raguwa da kashi 1 zuwa 2 ne kawai. Ko a tsohon ma'aunin Turai, tsakanin A da G, wato daga mafi kyau zuwa mafi muni, bambancin wajen kashi 7.5 ne. Mai motar gida da yake zuwa ofis ya dawo zai daɗe bai ga bambanci ba. Mu da muke kan hanya kullum lissafinmu daban ne. A ce mota tana cin lita 60 a zuwa da dawowa, ka rage kashi 3, lita biyu saura kaɗan ke nan. Sawu 25 a wata, lita 45. Ka ninka da motoci huɗu, ka ninka da farashin yau, ka ga albashin yaron mota ya fito daga ƙarƙashin wili.

Akwai abin da ya kusa ruɗa ni a farko. Makon da na sa sababbin tayoyi a wata motar, littafi bai nuna ragin da nake jira ba. Ashe taya mai cikakken zane ta fi sudaddiya turjiya, don robar da take lotsawa ta fi yawa. In za ka gwada, ka gwada sabuwa da sabuwa, kuma ka ba shi watanni, don iskar hunturu a gaban mota da cunkoson Kwanar Dangora da nauyin ƙafar direba duk suna shiga lissafin.

Inda na fi shan fama shi ne maganar iska. Direbobinmu sun gaji wata al'ada, in bazara ta yi zafi sai su rage iska wai kada taya ta fashe. Babban direbana, wanda ya girme ni, ya ce mini, "Maigida, shekara talatin ina tuƙi, haka muka taras." Na ce masa, "Malam, ban raina saninka ba, amma zo mu taɓa mu ji." Muka yi gwajin da tsohon mai faci ya yi mini. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ta fi lotsawa, ita ta fi ɗaukar zafi, ita ce kuma ta fi kusa da fashewa. Iska takan hau da kanta in taya ta yi zafi, kuma masu yin ta sun san da haka. Awo na gaskiya da sassafe ake yin sa kafin mota ta motsa, a kan adadin da aka rubuta a takardar da take jikin ƙofar direba, a layin cikakken lodi. Duk tsadar taya mai harafin A, in aka bar ta da ƙarancin iska, ta koma daidai da ta banza. Na sayi geji biyu nawa na kaina, don na gwada gejin masu faci uku a taya ɗaya na samu amsa uku.

Ban taɓa sassauta maganar nauyi don neman sauƙin mai ba. Motocina 195R15C suke ɗauka, wannan C ɗin na motar haya da kaya ne, lambar 106 da take biye kuma tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 950. Na ga masu sa wa bas tayar ƙaramar mota don ta fi arha kuma ta fi sauƙin garawa, sannan su loda mutane da buhunan masara a kai. Ni ba zan iya ba.

Motar kasuwanni kuwa ban sa mata irin waɗannan tayoyin ba. Hanyoyinta akwai burji da ramuka da duwatsu masu kaifi, gudunta kaɗan ne, abin da take buƙata gefe mai kauri da zane mai zurfi. Man da za ta rage bai kai kuɗin taya ɗaya da dutse zai yanka a gefe ba. Ita iska kawai muke kula mata, da saitin ƙafafu duk bayan 'yan watanni, don ƙafar da ta karkace tana jan taya a kaikaice, ta ci roba ta ci mai.

Uku daga cikin motocin Kaduna sun riga sun koma kan sababbin. Ta huɗun tayoyinta suna da sauran zane kuma shekarunsu ba su cika ba, ba zan cire su don ɗoki ba. Na dai riga na gaya wa dilan da nake saye a wurinsa yanzu ya ajiye mini biyar kafin saukar damina, har da safaya, kuma kada yaransa su ɓare takardar da take jiki sai na zo na karanta da idona.