Yadda Na Dawo wa Jitata da Muryarta

Shekara biyu ke nan da na sayi jitar lantarkin da nake kaɗawa a wajen bukukuwa a nan Birnin Kebbi. Ta hannu ce, wani ɗan kasuwa ya shigo da ita daga Yamai ta kan iyakar Kamba, kuma kwaikwayo ce ta samfurin Stratocaster wanda kamfanin Fender na Amurka ya fara fitarwa a shekarar 1954. Katakonta mai kyau ne, wuyanta bai karkace ba, amma tana da wani hali da ya daɗe yana ɓata mini rai: idan na murɗa mamurɗin ƙarar zuwa lamba 10, sautin yakan yi kaifi har ya soki kunne, idan kuwa na rage shi zuwa 7 domin in ba mawaƙi fili, sai muryarta ta dushe kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Ga wanda yake kiɗa tare da kalangu wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin da zarar kaifin jita ya tafi, ganga ta haɗiye ta ke nan.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan fikof, wato maganaɗisun nan uku da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe waɗanda suke ɗaukar motsin tsirkiya su mayar da shi lantarki. Har na fara tara kuɗin sayen sababbi. Abin da ya hana ni shi ne wani dattijo mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwa, wanda na kai masa amfilifayata. Ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, kafin ka zubar da kuɗinka, buɗe ta ka karanta mini abin da aka rubuta a bayan bolum ɗin." Na ce, "To, Baba." Da na koma gida na kwance noti goma sha ɗaya, na ɗaga farantin robar, sai na ga an buga B500K a bayan kowane ɗaya daga cikin bolum ukun, wato na'urorin da ke ƙarƙashin mamurɗan jitar, ɗaya na ƙara, biyu na laushin sauti.

A cikin wannan ɗan rubutu aka tara rabin damuwata. Lambar 500 tana nufin kilo-om 500, wato girman tsayayyar da bolum yake yi wa lantarki, kuma irin wannan bolum an saba sa shi ne ga fikof mai naɗi biyu, irin wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, domin shi sautinsa mai kauri ne, yana bukatar a sakar masa kaifi. Fikof mai naɗi ɗaya irin nawa tun asali mai siririyar murya ne, saboda haka kilo-om 250 ake haɗa shi da shi, ya ɗan rage masa zafin. Harafin B kuwa yana nuna cewa tsayayyar lantarkin tana sauka ne daidai wa daida da yadda ake murɗawa, alhali kunnen ɗan Adam ba haka yake auna ƙara ba. Shi ya sa ƙarar ba ta raguwa sosai daga 10 zuwa wajen 4, sai daga nan ta faɗi gaba ɗaya. Mai harafin A shi aka tsara domin ya bi yadda kunne yake ji.

Dushewar muryar kuma dalilinta daban ne, kuma shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa da na fahimce shi. Kebul ɗin da ke tsakanin jita da amfilifaya shi kansa ɗan kafasita ne, wato abin da ke riƙe cajin lantarki wanda siririn sauti ya fi saurin ratsa shi, yana ɗauke da wajen fikofarad 100 (ma'aunin girman kafasita) a kowace mita, ni kuwa nawa mita shida ne. Idan bolum yana kan 10, sautin yana wucewa kai tsaye. Da zarar an rage shi, wani ɓangare na tsayayyarsa ya shiga tsakanin fikof da kebul, sai su biyun su haɗu su zama rariya wadda take zubar da siririn sauti zuwa ƙasa ta bar mai kaurin ya wuce. Gwargwadon girman bolum da tsawon kebul, gwargwadon abin da ake asara. Maganinsa shi ne a gina wa siririn sautin ƴar gada ta gefe: ƙaramin kafasita na nanofarad 1, wanda ake rubuta 102 a jikinsa, a haɗa shi tsakanin ƙafar da sauti yake shiga da ƙafar tsakiya wadda yake fita.

Kafasitan da rizistan (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) da na yi aikin da su duk daga cikin tsohuwar rediyo dattijon ya ciro mini su, bai karɓi ko kwabo ba. Bolum masu harafin A ne suka yi wuyar samu, sai da na yi saƙo daga Kano. Da suka iso na auna su da mita, ɗaya ya nuna 238, ɗaya 261, na ukun 229, kuma wannan ba aibi ba ne, tunda yawancinsu ana yarda su kauce da kashi 20 cikin 100. Na zaɓi mafi girman ya zama na ƙara.

A wajen haɗawa na yi ɓarna guda wadda har yanzu nake jin ciwonta. Ana liƙa wayoyin ƙasa ne a bayan gwangwanin bolum, kuma ƙarfen narka dalmar da nake da shi ƙarami ne, ga wutar ranar ba ta da ƙarfi. Na danna shi a kan gwangwanin na daɗe ina jiran dalma ta kama, har zafin ya ratsa ciki ya lalata layin gawayin. Da na gwada sai ƙaraf-ƙaraf kawai nake ji. Dattijon ya nuna mini yadda ake yi: a kankare wurin da takardar yashi har ya yi haske, a yi amfani da ƙarfe mai wat 40 wanda ya yi zafi sosai, a ɗora dalma a kan gwangwanin daban, a kan wayar daban, sannan a haɗa su cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfe mai zafi da hannu mai sauri shi ne ba ya ƙona kaya. Sai da na jira mako biyu kafin wani ya iso.

Kafasitan 102 shi kaɗai bai gamsar da ni ba. Kaifin ya tsaya, amma a wajen lamba 4 sautin ya zama siriri tamkar na ƙaramar rediyo, domin kaurin ne yanzu yake tafiya ya bar kaifin. Na ƙara rizista mai kilo-om 150, mai zoben ruwan ƙasa da kore da rawaya, na murɗe ƙafafunta tare da na kafasitan, sai al'amarin ya daidaita. Wasu sun fi son tsarin da Gibson ya bi a shekarun 1950, inda ake ɗaukar wayar mamurɗin laushi daga ƙafar tsakiya ta bolum, amma a wannan tsari mamurɗan biyu suna shiga aikin juna, ni kuwa a tsakiyar biki ba na son in taɓa ɗaya, ɗayan ya sauya.

A ɓangaren laushin sauti na yi sauyi biyu. Na cire kafasitan 473 da ya zo da ita na sa 223, wato daga mikrofarad 0.047 zuwa 0.022, domin na farkon da an murɗa ƙasa sai sautin ya zama laka. Ya kamata mai karatu ya sani cewa idan mamurɗin yana kan 10, da ƙyar za a ji bambanci tsakanin su biyun, kuma ban yarda da masu cewa sai kafasita mai tsada ba, girmansa ne yake aiki. Na biyu kuma, a tsarin Stratocaster na asali fikof ɗin da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke zama a kai, ba shi da mamurɗin laushi ko kaɗan, alhali shi ne ya fi kowanne tsini. Da guntuwar waya wadda ba ta kai gaɓar yatsa ba na haɗa ƙafafu biyu a kan makunnin zaɓen fikof, sai mamurɗin laushi na biyu ya riƙa kula da shi tare da na tsakiya. Idan na sa shi a kan 6 yanzu, yana ba ni wata busasshiyar murya mai kama da ta garaya, wadda take zama daram a kan kalangu.

Bikin farko da na je da ita bayan gyaran a Argungu aka yi shi. Mawaƙinmu ya shigo, na sa ɗan ƙaramin yatsa na sauke bolum zuwa 6, jitar ta koma bayansa amma kowace tsirkiya tana fita tar. Abin da ya rage mini shi ne ƙugin da fikof mai naɗi ɗaya yake kwasowa daga wutar janareta, wanda yake raguwa idan na ɗora hannu a kan tsirkiya, alamar cewa wayar da ke zuwa jaki tana nan lafiya. Na riga na sayi takardar jan ƙarfe mai gam da zan shimfiɗa a cikin ramin jitar, kuma ina jiran lokacin sauya tsirkiya in buɗe ta gaba ɗaya.