Awa 48 na farko bayan an kama mutum a Damagaram

Idan aka kama ɗan gida, abin da dangi suka saba fara yi shi ne neman wanda ya san wani. Kafin wannan akwai abin da ya fi amfani: a rubuta rana da ƙarfe nawa aka tafi da shi, da kuma waɗanda suka tafi da shi, ƴan sanda ne ko jandarma. Duk haƙƙin da doka ta ba shi, da wannan lokacin ake lissafinsa.

Dokar shari'ar laifuffuka ta Nijar ta bai wa masu bincike awa 48 su riƙe wanda ake tuhuma. Idan ba su gama ba, sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati za a ƙara wasu 48, sau ɗaya tak. Daga nan ko a sake shi ko a kai shi gaban shari'a. Zargin ta'addanci ne ke da nasa wa'adi: kwana 15, ana iya ƙara 15. Wanda aka kama a kan babur, ko rigimar gona, ko dambe a Kara-Kara, bai shiga wannan layin ba, kuma kada a bari a ruɗa ku da shi.

Maganar lauya ita ce inda aka fi cutuwa. Gyaran da aka yi wa dokar a 2003 ya wajabta a sanar da wanda ke tsare cewa yana da damar ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba a sanar ba ana iya rushe binciken. Daga baya, ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ce lauya na iya tsaya masa tun daga lokacin da aka kama shi. A takarda ke nan. A zahiri yawancin lauyoyin ƙasar nan suna Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, kuma talaka ba ya da kuɗin motarsu balle na aikinsu. Don haka aka kafa ANAJJ, hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, a 2011 domin taimaka wa marasa hali, kuma a babbar kotu ake neman ofishinta. A je da wuri, kada a jira sai an sa ranar shari'a.

Sai takardar bayani, wato wadda masu bincike ke rubuta abin da ya faɗa. Da Faransanci ake rubuta ta, mutum kuwa da Hausa ko Barbarci ya yi magana. An miƙo alƙalami, ya gaji, bai yi barci ba, ya dangwala hannu don a rabu da shi. Watanni bayan haka ita ce alƙali zai buɗe a gabansa. Ya nemi a karanta masa a fassara, inda ba haka ya faɗa ba ya ce a gyara. Doka ta kuma ce a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba idan za a kai shi kotu. In akwai kumburi ko shatin duka, a nuna wa likitan, a kuma faɗa wa alƙali tun zaman farko, domin tabo ba ya jiran ranar shari'a.

Idan alƙali mai bincike ya tura shi gidan kaso, har yanzu ba mai laifi ba ne, jiran shari'a yake. A ƙaramin laifi wa'adin wata 6 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya inda doka ta yarda. A babban laifi wata 18, da ƙarin da bai wuce wata 12 ba. Abin da ke ɓata rai shi ne, sau da yawa ba mugunta ce ke riƙe mutum ba, takardunsa ne suka kwanta ba mai tambaya. Ana iya neman sakin talala a kowane mataki, a rubuce, a nuna yana da mazauni sananne da sana'a da wanda zai tsaya masa. A riƙe lambar takardun ƙarar, a karɓi shaidar ajiye buƙatar a wurin magatakarda, kuma in an ƙi, kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Damagaram.